Sanarwar Bayan Taron Wurno Kan Halin Da Yara Masu Buƙatar Tiyata Ke Shiga A Lokacin Annoba

 

GABATARWA

Ƙungiyarmu ta ci gaban al'umma, wadda ta tara 'ya'yan Wurno na gida da na ci-rani, ta kira taron yini guda a garin Wurno da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Magana ɗaya ce ta tara mu: idan annoba ta sauka, aka datse hanyoyi, asibitoci suka rage aiki, ina za a kai yaron da ba abin da zai cece shi, bayan ikon Allah, sai aikin tiyata?

Taron ya samu halartar iyaye maza da mata, masu unguwanni da dagatai, limamai, malaman boko da na Islamiyya da na tsangaya, likitoci da ma'aikatan jinya 'yan yankin, ungozomomi, masu kemis, wanzamai, masu ɗori, direbobin tasha da 'yan acaɓa. Mun karɓi baƙi daga Birnin Kudu, Babaldu, Kantoga, Kiyako da Sundimina, da kuma 'yan'uwanmu na ƙasar Gwaram daga Sara, Kila, Basirka da Fagam. An buɗe da addu'a, aka saurari bayanin likitoci da na malamai, sannan aka ba iyaye fili su faɗi abin da suka gani da idonsu. Bayan sallar La'asar aka karanta wannan takarda, mahalarta suka gyara abin da suka gyara, suka amince da ita baki ɗaya.

Wasu sun tambaya, me ya sa sai yanzu, bayan korona ta lafa? Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023. Amma annoba ba ta yi mana sallama ba. A 2021 kwalara ta yi mummunar ɓarna a Jigawa da Kano da Bauchi. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi jin jiki, a ranin 2023 kuma sanƙarau ya addabi wasu ƙananan hukumomin jiharmu. Zazzaɓin Lassa kuwa da wuya rani ya wuce bai leƙo Arewa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa muka zauna tun da sauran kwanciyar hankali.

WAIWAYE

Taron ya tuna yadda abin ya faro. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a Legas. Ranar 11 ga Afrilu aka samu na farko a Kano, kafin mako ya zagayo aka kulle birnin. Ranar 27 ga Afrilu, kwanaki kaɗan da kama azumin Ramadan, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle Kano baki ɗaya na mako biyu, aka kuma haramta zirga-zirga tsakanin jihohi, haramcin da ba a ɗage ba sai farkon Yuli. Jigawa ta tsare hanyoyin shigowa, ta kulle wasu garuruwa da kasuwanni, aka rufe makarantu wata da watanni.

A wannan tsakanin ne aka yi ta mace-mace a Kano, har ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an lissafa mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma rabi ko fiye da rabi suna da alaƙa da korona. Tsoro ya shiga zukatan majinyata da na masu jinya. Tun kafin nan, a watan Janairun shekarar, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi rashin likitoci biyu sakamakon zazzaɓin Lassa. Duk wanda ya san wannan ba zai ga laifin likitan da ya ce sai an ba shi kayan kariya kafin ya shiga ɗakin tiyata ba.

Mu a nan kudancin Jigawa, hanyar ceton yaronmu sananniya ce. Daga asibitin garinmu a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. Idan abin ya fi ƙarfin nan, sai Kano, tafiyar fiye da kilomita 100 ta Wudil, zuwa Asibitin Malam ko na Murtala, ko na ƙashi da ke Dala. Mutanen Gwaram na bakin iyaka kan nufi Azare ko Bauchi. Da aka rufe Kano da iyakar Bauchi, sai muka wayi gari tsanin da muke takawa ya rasa matakansa na sama.

Ba mu kaɗai ba ne. Wata tawagar likitocin tiyata ta duniya, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Birmingham da ke Ingila, ta ƙiyasta a 2020 cewa ayyukan tiyata miliyan 28 ne za a soke ko a ɗage a duniya cikin makonni 12 na tsananin annobar. Bambancin shi ne, wasu ƙasashe sun shiga annobar da ƙarfinsu, mu mun shige ta da raunin da muke da shi tun fil azal. Tun a 2015 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci da sauƙin kuɗi a lokacin da suke buƙata. Wani nazari da aka buga a 2019 ya ce biliyan 1.7 daga cikinsu yara ne da matasa. Wani kuma da aka yi a ƙasashe 74, aka buga a 2021, ya duba jariran da ake haifa da tangarɗa a hanji ko maƙogwaro: a ƙasashe masu arziki ƙasa da kashi 6 cikin 100 ke mutuwa, a matsakaita kashi 20, a matalauta kusan kashi 40.

ABIN DA IYAYE DA MA'AIKATA SUKA SHAIDA

Wata uwa ta ba da labarin ɗanta mai wata bakwai. Cikin azumin 2020, da hantsi, yaron ya tsala kuka yana naɗe ƙafafunsa zuwa ciki. Can sai ya yi shiru kamar ba shi ba, jim kaɗan ya sake. Kakarsa ta ce haƙori ne, aka sayo maganin ruwa a kemis. Washegari ya fara amai, da yamma ta buɗe zanen goyo ta ga kashi ja mai yauƙi, jini da majina a cakuɗe. Ta ce da mijinta, "Malam, mu kai yaron nan asibiti." Ya ce, "Ki bari gari ya waye. An ce duk wanda ya je da zazzaɓi killace shi ake yi, ko gawarsa ba a bayarwa." Sai a rana ta uku, da cikin yaron ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, suka sayar da akuya suka yi shatar mota. Shinge bayan shinge ana sauke su ana tambaya, asibitin farko ya tura su gaba, ba su isa inda za a yi aikin ba sai bayan Isha'i. Hanji ne ya shige cikin hanji, wani sashe ya riga ya mutu, dole aka yanke shi. Allah ya yi da sauran kwana, yaron yana makaranta yau. Likitan da ya yi wa taro bayani ya ce irin wannan ciwo, idan aka zo da shi a ranar farko, sau da yawa ana warware hanjin ta hanyar tura ruwa ko iska ta dubura, ba tare da an taɓa wuƙa ba.

Bayanta wani magidanci ya miƙe. Ɗansa bai cika shekara ba, yana da gwaiwa, an duba shi an ba su ranar aiki a watan Afrilu. Da ranar ta zo suka tarar an dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba, aka ce su koma gida sai an neme su. Ba wanda ya karɓi lambar wayarsa, ba wanda ya gaya masa alamar da zai gani ya dawo a guje. Wani dare kumburin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, yaron yana amai. Uban ya zagaya gari neman mota har asuba. Yaron ya cika a hanya, a hannun mahaifiyarsa. Ya ce da taro: "Jama'a, na yarda da ƙaddara. Amma sunan ɗana ba ya cikin lissafin waɗanda korona ta kashe, ni kuwa na san abin da ya tsare masa hanya." Zauren ya yi tsit, aka yi wa yaron addu'a.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi shekaru a ɗakin tiyata ta faɗi nata ɓangaren. Ta ce akwai ranakun da takunkumi ɗaya za ta yini da shi, ta koma gida ta tuɓe kaya a zaure don gudun kada ta kai wa 'ya'yanta ciwo. Tukunyar iskar oksijin da suke dogara da ita wajen sa jariri barci an ɗauke ta zuwa wurin masu korona. Jini ya yi ƙaranci, domin ɗaliban da kan bayar suna gida, dangin majinyaci kuma ba hanyar zuwa. Wani direba ya ce ya sha ɗaukar mara lafiya ya nuna takardar asibiti a shinge, a ce masa ba a san da ita ba. Wani mai ɗori ya faɗi gaskiya cewa a watannin nan an kawo masa karayar da ya san ta fi ƙarfinsa, ya karɓa don bai ga inda zai tura su ba.

ABUBUWAN DA TARO YA LURA DA SU

1. Korona ba ta cika tsananta wa yara ba, amma matakan yaƙi da ita sun faɗa a kansu. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, sun nuna mutum 3,155 ne cutar ta kashe a Najeriya. Yaron da hanjinsa ya toshe ya rasu a ɗakin uwarsa ba ya cikin wannan adadi, kuma abin da ba a rubuta ba, ba a yi masa tanadi.

2. Ciwon tiyata a jikin yaro da sa'o'i ake auna shi. Murɗewar ɗan maraina tana da kamar awa 6 kafin ya lalace. Jaririn da aka haifa ba dubura, ko hanjinsa a waje, ba ya jiran a ɗage dokar kulle. Taifod da aka yi wa riƙon sakainar kashi takan huda hanji a mako na biyu ko na uku. Afendis da ya fashe ya fi wanda bai fashe ba haɗari da tsada da doguwar jinya. Masana sun sa mizanin cewa kowa ya iya isa wurin da ake tiyatar gaggawa cikin awa 2.

3. Kalmar "ba na gaggawa ba" tana ruɗar mutane idan ana maganar yara. Gwaiwar jariri ta fi saurin shaƙewa a shekarar farko. Tsagewar leɓe ana gyara ta ne a watannin farko, ta ganɗa kuma kafin yaro ya buɗe baki da magana. Ƙafar da ta lanƙwashe tun haihuwa ana miƙar da ita da filasta mako-mako tun jariri yana ɗanye. Ciwon daji na ƙoda ko na ido yana girma ko an buɗe asibiti ko an rufe. Aikin da aka ɗage wa babba wata uku ya jure, ga yaro yana iya zame masa nakasa ta har abada.

4. Jinkirin hawa uku ne: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin asibiti. Annoba ta tsawaita dukkan ukun lokaci guda. A gida tsoro da jita-jita, a hanya shinge da tsadar mota, a asibiti jiran sakamakon gwaji da ƙarancin ma'aikata.

5. Tsoron jama'a yana da asali. Har yau ana tuna gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, kuma wannan tabo yana cikin abubuwan da suka jawo ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Amma mun ga yadda sarakuna da malamai suka shiga gaba har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. Yarda tana dawowa idan na gida ne ya yi magana.

6. Kulle ya karya aljihun talaka. Manomin da zai kai buhu ko dabba kasuwar Sara ko Babaldu ya samu kuɗin aiki ya tarar kasuwa a rufe, ga mafi yawanmu daga aljihu muke biyan kuɗin magani.

7. Zaman gida ya ƙara haɗurran gida: ƙunar ruwan zafi da ta kunu, faɗowa daga mangwaro, gyaɗa ko kwabo da ke maƙale wa yaro a wuya. Da yawa sun ƙare a hannun masu maganin gida. Ɗorin da aka ɗaure tamau yana tsare jini, hannu ya ruɓe, a ƙarshe a yanke.

8. Ma'aikacin lafiya da ba shi da kariya ba zai iya kare kowa ba. Annobar ta riski likitocin ƙasar nan suna karɓar naira 5,000 a wata a matsayin alawus na haɗari. Likitoci masu neman ƙwarewa sun shiga yajin aiki a watan Yunin 2020, suka sake wani na kusan wata biyu daga Agustan 2021. Kowane yajin aiki wani kulle ne ga yaron da ke jiran tiyata.

9. Aikin da ke dogara da zuwan ƙwararru daga nesa shi ne farkon tsayawa idan an rufe hanya da filin jirgi. Misali shi ne gyaran fuskar yaran da cutar noma ta zaizaye, wanda ake yi a Asibitin Noma na Sakkwato tare da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF. Cutar tana bin yunwa da ƙyanda da rashin rigakafi, duk kuwa abubuwa ne da annoba ke ƙara wa ƙarfi. Taron ya yaba da shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa sakaci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Disambar 2023, bisa jagorancin Najeriya.

10. Doka da tsari suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mara lafiyar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, tare da ware wani kaso don agajin gaggawa. Tsarin tiyata na ƙasa na 2019 zuwa 2023 ya ambaci tiyatar yara ƙarara. Abin da ya rage shi ne talakan Wurno ya gani a ƙasa.

MATSAYAR TARO

Taron ya yanke cewa tiyatar yara aiki ne da ba a rufewa, ko wace irin annoba ce ta zo. Kafin mu roƙi kowa, ga abin da muka ɗora wa kanmu:

1. Za mu kafa kwamitin gaggawa a kowace unguwa, mai ɗauke da mai unguwa, liman, ungozoma, ma'aikacin lafiya, direba da wakiliyar mata. Za a manna lambobin wayarsu a masallatai, makarantu da shagunan kemis.

2. Za mu buɗe asusun taimakon gaggawa daga gudummawar mambobi da sadakar amfanin gona a lokacin kaka. Kuɗin na mota ne da kayan aikin farko, a fitar da shi a daren da buƙata ta taso, a yi lissafi a gaban jama'a duk wata uku.

3. Matasanmu za su je a gwada rukunin jininsu, a ajiye sunayen masu niyyar bayarwa, don kada yaro ya kwana a gadon asibiti ana jiran leda ɗaya.

4. Za mu buɗe littafi a hannun ma'aikacin lafiyar garinmu, a rubuta duk yaron da aka ba ranar aiki, da wanda aka ɗage wa, a riƙa bibiya har a yi. Za a kiyaye sirrin kowane gida.

5. Direbobi da 'yan acaɓa sun ɗauki alkawarin tsara kwanan aiki na dare a tsakaninsu, kamar yadda aka saba yi wa mata masu naƙuda a shirin Haihuwa Lafiya, kuma ba za su tsawwala kuɗi a kan mara lafiya ba.

6. Masu ɗori, wanzamai da masu kemis sun amince ba za su riƙe yaron da ƙashinsa ya huda fata, ko yatsunsa suka yi sanyi suka sauya launi, ko cikinsa ya kumbura, ko kaciyarsa ta ƙi daina jini ba. Za su tura shi asibiti nan take, su raka idan da hali.

KIRAYE-KIRAYE

Ga Gwamnatin Tarayya: a rubuta cikin tsarin tunkarar annoba cewa ɗakunan tiyatar yara, ma'ajiyar jini da injinan oksijin ba sa cikin abin da ake rufewa ko karkatarwa. A ƙarfafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu da Asibitin Rasheed Shekoni da ƙarin ƙwararrun likitocin tiyatar yara, masu sa barci da kayan aiki daidai jikin jariri, don rage dogaro da Kano. A biya ma'aikata haƙƙinsu a kan kari.

Ga Gwamnatin Jihar Jigawa: a faɗaɗa kulawar kyauta da ake yi wa masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta haɗa da tiyatar gaggawa, a kuma sa ta a fili cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. A tanadi wutar sola, ruwa, oksijin da firjin jini a manyan asibitocin Birnin Kudu da Gwaram. A ƙulla yarjejeniya da jihohin Kano da Bauchi tun yanzu, cewa takardar tura majinyaci ita ce izinin wucewa a kowane shinge. A ƙara ɗaukar 'ya'yan karkara a makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, domin ɗan gida ya fi zama.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram: a samar da motar ɗaukar marasa lafiya mai direba da mai a tanki, a gyara hanyoyin ƙauyuka da ke yankewa da damina, a horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko su gane ciwon da ba nasu ba ne su tura da wuri.

Ga shugabannin asibitoci: a ware ƙofa da ɗaki daban ga masu cutar annoba, sauran majinyata su shigo ba fargaba. Kada jiran sakamakon gwaji ya tsayar da aikin ceton rai. A sa kayan kariya a yi. Idan dole ta sa aka ɗage aiki, a karɓi lambar iyaye, a ba su sabuwar rana, a gaya musu da Hausa alamomin da za su gani su dawo ko da tsakar dare.

Ga jami'an tsaro: ranku ya daɗe, motar da ke ɗauke da yaro mara lafiya a duba ta a sallame ta kafin kowace.

Ga Mai Martaba Sarkin Dutse, hakimai da dagatai: muna roƙon a sa baki kamar yadda aka sa a yaƙin shan inna, a isar da wannan saƙo har ƙauyen da ya fi kowanne nisa, da rugagen Fulani.

Ga malamai da limamai: malaman da suka yi jawabi sun tunatar cewa Musulunci ya hana shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka, kuma Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya daga hanyar Sham saboda ita. Sun kuma ce addinin ne dai ya yi umarni da neman magani da kare rai. Muna roƙon a haɗa biyun a huɗuba, a fahimtar da jama'a cewa kai yaro asibiti ba ya karo da tawakkali. Malaman tsangaya kuma su sa ido a kan almajiran da ke hannunsu, waɗanda iyayensu ke nesa.

Ga kafafen yaɗa labarai: a ba likitoci fili a rediyo su yi bayani da harshen da tsohuwa a ƙauye za ta gane, a kuma toshe bakin jita-jitar WhatsApp da Facebook da gaskiya tun ba ta yi nisa ba.

Ga iyaye: kada a kwana da yaro a gida idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan. Amai kore kamar ganye. Ciki ya kumbura, ba kashi ba tusa. Kashi mai jini da majina tare da kuka mai zuwa yana tafiya. Jaririn da ya kwana biyu bai yi kashin farko ba. Gwaiwa ko cibiyar da ta fito ta yi tauri ta ƙi komawa. Ciwon maraina na farat ɗaya. Zazzaɓin da ya haura mako sannan ciki ya ɗaure. Ƙuna mai faɗi, ko ta fuska da hannu. Sarƙewa da tari bayan yaro ya sa wani abu a baki. Farin tabo a tsakiyar ido mai ƙyalli kamar idon kyanwa. Magidanta kuma su ba matansu izini tun yau, cewa idan haka ta taso ba sa gida, a tafi asibiti a kira su a hanya.

GODIYA DA RUFEWA

Taron ya gode wa iyayen ƙasa da suka ba da wuri da goyon baya, da likitoci da ma'aikatan jinya da suka zo ba tare da karɓar ko sisi ba, da matan da suka ciyar da baƙi. Godiya ta musamman ga iyayen da suka danne zuciyarsu suka tono abin da ke musu ciwo don wasu su tsira. Muna addu'ar Allah ya jiƙan yaran da muka rasa da ma'aikatan lafiyar da suka rasu a bakin aiki, ya ba iyalansu haƙuri.

An ɗora wa shugabannin ƙungiya su kai kwafin wannan sanarwa ga dukkan waɗanda aka ambata, hannu da hannu. Za mu sake zama bayan wata shida, kowane kwamiti ya zo da abin da ya yi da abin da ya gagara.

Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman sashen alamomin haɗari. Ɗa na kowa ne. Idan ka ji kukan yaron maƙwabcinka ya sauya cikin dare, tashi ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka taimaka a kai shi asibiti kafin gari ya waye.

Allah ya kare mu da zuriyarmu daga annoba, amin.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro
A madadin dukkan mahalarta